Tsutsar da Ta Ƙi Cin Ganye

Mijina mai gyaran agogo ne, ko in ce da can shi ne, don tun da kowa ya koma duba lokaci a waya kasuwar ta watse. Sunan dai ya ƙi barinsa. Duk layinmu Mai Agogo ake ce masa. Ni Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini Tsohuwa, an yi kunnen doki.

Da ya rufe shago na ɗauka zai yi abin da sa'o'insa suke yi, ya sami benci a ƙofar gida ya riƙa gyara duniya da baki. Ina! Wata safiya wani malam-buɗe-littafi ya mutu a gindin lemun tsamin da ke tsakar gidanmu. Tsoho ya ɗauke shi da hantsaki, ya maƙala ɗan madubin nan nasa na aiki a ido, ya duƙufa a kan fiffiken har shayinsa ya huce. Da ya ɗago sai ya ce, "Tsohuwa, ashe duk shekarun nan wasan yara nake yi. Zo ki ga aiki." Na leƙa, na ga wasu 'yan ƙananan abubuwa masu launi an jera su ɗaya bisa ɗaya kamar ɓawon kifi. Na ce da kyau, na koma kan keken ɗinkina. Ban san a ranar aka ƙwace mini miji ba.

Tun daga nan, kullum in rana ta ɗaga ta busar da raɓa, sai ya rataya jakarsa ya fita zagaye. Hanyar ɗaya ce, ba ya canza ta ko ana ha-maza-ha-mata. Daga ƙofar gida ya bi bayan katangar makaranta, ya tsallaka kwalbati, ya bi gefen shingen Mai Lambu, abokinsa tun na samartaka, ya dawo ta wajen tankin ruwa. Duk malam-buɗe-littafin da ya gani sai ya rubuta, kowane iri da gurbinsa a takarda. Sunayen ma shi ya raɗa musu. Akwai Ɗan Lemo, babba, baƙi mai ɗigon rawaya. Akwai Ruwan Goro mai tafiyar ƙasaita, wanda ba ya gudun kowa. Sai 'Yan Fari da 'Yan Rawaya, ƙanana, masu son taruwa a bakin taɓo.

Shekara da shekaru yana wannan, har ya san zuwansu da tafiyarsu fiye da yadda ya san sunayen jikokinsa. Da rani sai ya zagaya kaf ya dawo da biyu ko uku, bai damu ba, ya ce suna hutu. Ruwan farko na sauka 'Yan Rawaya za su fara leƙowa. Tsakiyar damina lokacin tsutsa ne, kowane ganye da mai cinsa. In ruwa ya fara ja da baya kuwa, nan kasuwarsu ke ci. Tsoho zai dawo gida yana haki, yatsu duk tawada, ya tsare ni da lissafi ina tsakiyar ɗinkin mutane.

Bai kuma tsaya a kallo ba. Akwatin gilashin da yake jera agogai a shago ya dawo barandarmu ya zama ɗakin reno. Yakan tsinto ƙwai da tsutsa a ganyen lemo da na tumfafiya, ya ba su sabon ganye safe da yamma, ya share musu kashi. Tsutsar in ta ƙoshi sai ta rataye kanta a jikin tsinke, ta rufe cikin wani ɗan kwanso, ta yi kwanaki ba motsi, sannan ta fito da fiffike ya buɗe mata ta tafi. A gidanmu masu ci da masu barci muke ce musu. Kwalaben da nake zuba maɓallai suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Gidan saurona na ajiya kuwa ni da hannuna na yanka na ɗinka masa keji. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: ni da ko tana ba na iya kallo, sai ga ni ina bambanta mai cin da yunwa ke damu da wanda ke shirin barci.

Abu ɗaya ne ba a taɓa wa Tsoho, idonsa. Ka ce masa mummuna, ya yi dariya. Ka ce ya tsufa, ya ce da gaskiyarka. Amma ka ce bai ga wani abu daidai ba, to ka ɗebo ruwan dafa kanka. "Idon nan," in ji shi, yana ja da fatar ƙasan idon da yatsa, "ya ɗaure ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba."

Shi ya sa da abin ya fara, kowa ya gani, kowa ya yi gum.

Da zuba shayi a gefen kofi ya fara. Sai ya riƙa kare fuska da hannu in ya fita, yana cewa ranar bana ta fi ta bara haske. Wata rana ina jinsa yana gaida bargon da maƙwabciyarmu ta shanya a kan katanga, da bargon bai amsa ba ya shigo yana cewa mutanen yanzu ba su da tarbiyya. A daidai wannan lokacin ne lissafinsa ya fara yin ƙasa.

"Suna ƙarewa, Tsohuwa," ya ce da ni wata safiya, ya ajiye jakar kamar ya dawo daga gaisuwar mutuwa. "Bara warhaka 'Yan Rawaya sun fi hamsin a bakin kwalbati. Yau shida na gani."

Na ce Allah ya kyauta. Ban ce masa ɗazu na bi ta wajen zuwa sayen zare na gan su birjik ba.

Auta, 'yarmu ta ƙarshe, aikin jinya take yi. Da ta zo duba mu na ja ta kicin na fesa mata. Ta fito ta kunna fitilar wayarta ta nufi ubanta.

"Baba, tsaya in ga wani abu."

"Me za ki gani? Ni na fara ganinki kafin ki ga kowa a duniyar nan."

Ya dai tsaya. Ta haska wannan, ta haska wancan, ta kashe fitilar.

"Yanar ido ce, Baba. Duka biyun, amma na dama ya fi. Aikin ba shi da wuya yanzu. A cire ta, a sa maka wani ɗan gilashi a ciki, ranar ma a gida za ka kwana. Amma in aka bar ta ta yi tauri, tana iya jawo abin da ba ya gyaruwa."

"A sa ƙarfe a idona?" Ya yi wata 'yar dariya. "Yarinya, ni ma mai gyara ne. Na san abin da masu gyara suke yi in sun rufe murfi suka ga ƙusa ɗaya ta rage a kan tebur."

"Baba..."

"Idona lafiyarsa ƙalau. Ki ci abinci."

Da za ta tafi na raka ta bakin titi. Ta ce, "Mama, ke kaɗai yake jin maganarki." Na ce, "Tun yaushe?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce kada dai in bari wata damina ta same shi a haka.

Daga ranar tsoro ya sami wurin zama a ƙirjina. Ba jan gora nake gudu ba, in ta kama zan riƙe masa sanda har inda ƙarfina ya ƙare. Abin da nake tsoro shi ne safiyar da zai fita zagaye ya dawo da farar takarda. Na san mijina. Ranar da ya daina gani, ko yana numfashi an gama da shi.

Shi kuwa gogan naka wata hanyar ya ɗauka. Tunda suna ƙarewa, ya ce, shi zai cika duniya da su. Reno ya ninka. Baranda ta cika da kwalabe har sai mutum ya yi tafiyar kaguwa kafin ya shiga ɗaki. Lemun tsaminmu ya koma tsinke, Tsoho ya shiga bin gidajen maƙwabta yana roƙon ganye. Laifin kuma ya samo wanda zai ɗora wa: Mai Lambu da maganin feshinsa. Hirar da suke yi kullum da yamma a ƙofar gidanmu ta mutu. In Mai Lambu ya yi sallama, Tsoho ya amsa da hanci.

To, tsutsar Ɗan Lemo tana da wata dabara. Tana ƙarama kamanninta ɗaya da kashin tsuntsu, baƙi-baƙi da ɗan fari a tsakiya, don kada tsuntsu ya yi sha'awarta. Sai ta girma take komawa koriya. Tsoho ne ya koya mini wannan tun da daɗewa, yana bugun ƙirji wai tsuntsu za ta ruɗa, ba shi ba.

Wata safiya sai ga shi ya shigo da ganye a tafin hannu, yana takawa a hankali.

"Tsohuwa, samo mini kwalba mai tsabta. Na sami wata ƙosasshiya."

Na leƙa. Jama'a, kashin tsuntsu ne. Na gaske, wanda tsuntsu ya yi da kansa, har ya fara bushewa.

Na buɗe baki, na kalli fuskarsa, na mayar na rufe. Na ɗauko kwalba na wanke na ba shi. Ya shimfiɗa wa kashin nan ganye mafi laushi, ya rufe bakin kwalbar da ƙyallen gidan sauro, ya ajiye ta a wuri na musamman.

Da yamma ya ce, "Ba ta ci ba."

Na ce, "Ƙila baƙunta take yi."

Washegari ya canza mata ganye, ya mayar da kwalbar inda ya fi sanyi, ya yayyafa ruwa da yatsa. Ina jinsa yana lallashinta ƙasa-ƙasa, "Haba 'yar nan, ko kaɗan ne ki taɓa." Na gudu kicin na cusa bakin zane a baki na yi ta dariya har hawaye suka zubo. Can sai na lura dariyar ta tsaya, hawayen ba su tsaya ba.

Rana ta uku, yana fita zagaye na zari mayafi na shiga gidan maƙwabciyarmu. Na yi ta juya ganyen lemonta har na sami tsutsa ta gaske, daidai girman wancan. Na dawo na zubar da kashin, na sa ta a gurbinsa. Ita kuwa baiwar Allah kamar jira take, nan take ta kama ci.

Da ya dawo ya ɗauki kwalbar ya kai ta har bakin hancinsa, ya daɗe yana kallo. Ganyen ya huje, babu musu.

"To," ya ce. "Ta farfaɗo."

"Hannunka ne mai albarka," na ce.

Na zaci zai yi tsalle. Ajiye kwalbar kawai ya yi, ya nemi ruwan sha.

Na kira Auta na ba ta labari ina jiran yabo. Sai ta rufe ni da faɗa. "Mama! Yana biyu ce a idonsa, kin ɗora masa ta uku!"

"To me kike so in ce masa? Tsoho, kwana biyu kana ciyar da kashi?"

"Eh mana!"

"Ke dai yarinya ce," na ce, na kashe wayar. Amma maganar ta zauna.

Ruwa ya fara ja da baya, kasuwar malam-buɗe-littafi ta ci. Ban taɓa ganin shekarar da suka yi yawa irin wannan ba. Ko shanya na fita yi sai sun gifta mini ta fuska. Tsoho kuwa kullum lissafinsa ƙasa yake yi, fushinsa yana sama. Wata safiya ya dawo ko zama bai yi ba, ya ce yau sai ya gaya wa Mai Lambu gaskiya komai ɗacinta. Na bar keke da rabin riga a bakin allura na bi bayansa.

Mun tarar da Mai Lambu yana ban ruwa. Gajere ne mai faɗi, dariyarsa daga tankin ruwa ake jinta, amma da ya hango mu ya haɗiye ta. A can gefe, inda ruwa ke malala daga lambatu ya jiƙa yashi, 'Yan Fari da 'Yan Rawaya ne zaune sun rufe ƙasa, wasu suna ta shawagi a kan kunyoyi. Rana ta ɓangarensu take, tana dukan Tsoho a fuska. Ya kare ido da hannu ɗaya, ya ɗaga littafinsa da ɗayan.

"Kai da feshinka kun gama da su!" ya ce. "Da can in na zo wurin nan sai na riƙa kore su daga fuskata. Yau ina suke? Dubi wurin nan fayau! Ina suke?"

Yatsansa kuwa kansu yake nunawa, daidai tsakiyar taron.

Mai Lambu ya kalli inda aka nuna, ya kalle ni. Wani Ɗan Rawaya ma a kan butar ban ruwansa yake zaune yana buɗe fiffike yana rufewa. Sai mutumin nan ya ajiye buta, ya cire malafa, ya ce, "Ka yi haƙuri, abokina. Laifina ne. Na daina."

Tsoho ya zo da shirin yaƙi bai sami abokin faɗa ba. Ya yi 'yan gunaguni ya juya. Zan bi shi Mai Lambu ya yafuto ni, ya rage murya.

"Rabona da feshi tun ranar da ya fara ƙorafi. Dubi kabejina."

Na duba. Ganyen duk ya koma rariya.

"Kada ki gaya masa," ya ce.

Nan ne abin ya tsaya mini a wuya. Ga mutum ya bar wa tsutsa abincin iyalinsa yana ba da haƙurin laifin da bai yi ba. Ga ni ina shiga gidajen mutane neman tsutsar da zan rufe ƙarya da ita. Mun taru mun sa bawan Allah a tsakiya muna lallaɓa shi zuwa rami, kowa yana ganin ƙauna yake yi. Raina ya ɓaci, kuma ba da shi ba.

Na cim masa a kan kwalbati.

"Tsoho, zauna."

"A nan? Me ya..."

"Zauna na ce."

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. Ya zauna a kan simintin, na zauna kusa da shi.

"Inda ka nuna da yatsa ɗazu," na ce, "sun fi ƙarfin ƙirga. Har a kan butarsa akwai ɗaya. Mai Lambu bai yi feshi ba tun da ka fara ƙorafi, saboda kai, kabejinsa duk ya lalace. Ba su ƙare ba, Tsoho. Bana ma sun fi kowace shekara yawa. Kai ne ba ka ganinsu."

Na gama na jira tsawa. Wani mai babur ya wuce, ya ɗaga mana hannu. Tsoho yana ta juya littafin a hannunsa.

"Kuma ke kika canza mini tsutsa," ya ce.

Na juyo na dube shi. "Wa ya gaya maka?"

"Wa zai gaya mini? Da yammar rana ta biyu na sa yatsa na taɓa ta, na ji ta a bushe ƙamas. Na gane. Kunya ta hana ni zubarwa kina kallo, na ce bari sai kin fita unguwa. Washegari na dawo daga zagaye na tarar kashi ya cinye rabin ganye."

Wallahi ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Shi ma ya kama. Tsofaffi biyu a kan kwalbati muna riƙe ciki, har wata mai tallan lemo ta tsaya tana kallonmu. Da muka lafa ya share fuska da hannun riga.

"Na daɗe da sani, Tsohuwa," ya ce. "Kullum in na dawo da lissafi kaɗan, abu biyu ne a gabana. Ko su ne suke ƙarewa, ko ni. Sai in zaɓi su." Ya girgiza kai. "Kin ji mai son su. Na gwammace a ce duk sun mutu da a ce idona ne."

"Tsoro kake ji."

"Ƙwarai kuwa. In aka taɓa aka ɓata, ɗan dishi-dishin nan ma da nake gani na rasa shi."

"In ba a taɓa ba ma za ka rasa shi. Ni ma tsoron nake ji, kullum da shi nake kwana. Amma gara mu ji shi a gaban likita da mu ji shi a baranda."

Ya juya fuska wajen lambun, ya ƙanƙance ido, ya daɗe a haka.

"Da gaske bana sun yi yawa?"

"Kamar an zazzage buhu."

"Kuma duk ya wuce ni." Ya ja dogon numfashi. "Kira yarinyar nan."

Kafin mu tafi gida sai da ya koma bakin shinge ya ƙwala kira, "Kai, maƙaryaci!"

"Na'am!" in ji Mai Lambu, ko jinkiri babu.

"Ka yi feshinka. A'a, tsaya, kada ka yi. Gobe zan turo Tsohuwa ta tsince maka tsutsar kabejin da hannu, ta ƙware."

Na ce, "Ni?" Amma babu mai saurarona, dariyar Mai Lambu ta riga ta cika wurin. Da yammar ranar ya zo hira, suka zauna suna musu kamar ba a taɓa yin komai ba.

Likitar da aka kai mu wurinta mace ce, ba za ta girmi Auta ba. Tsoho ya ƙare mata kallo iya abin da idonsa ya ba shi, ya ce, "'Yata, miƙo hannunki in ga ko yana rawa." Auta ta so ta nutse don kunya. Likita kuwa ta miƙa. Ya kai hannun kusa da fuskarsa, ya jira, ya jira, sannan ya gyaɗa kai. "Za ki iya gyaran agogo," ya ce. Ta ce ta gode, Baba. Ana tura shi ɗakin aiki yana ɗaga murya yana cewa ta ƙirga kayan aikinta kafin ta rufe. Ni ina zaune a benci a waje, na karanta duk addu'ar da na sani, na koma na sake daga farko.

Na dama aka fara yi. Da aka cire bandeji muka dawo gida, ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana waige-waige, ya ce, "Wane marar kunyar ne ya yi wa ɗakin nan wannan shuɗin fentin?" Na ce, "Kai ne, kuma kai ka zaɓa." Bayan wasu makonni aka yi na hagu.

Dokokin likita suka fi aikin wahala. Kada ya duƙa, kada ya shiga rana, kada ya murza ido, kada ya fita zagaye sai ta ce. Masu ci da masu barci suka dawo wuyana. Shi yana zaune daga cikin ɗaki da baƙin tabarau yana ba da umarni ta taga: wannan ganyen ya tsufa, waccan kwalbar ba ta bushe ba, wa ya koya miki riƙe tsinke haka. Da can ba ya ganin kuskurena, yanzu babu wanda ke wuce shi. Sau biyu na yi barazanar zan mayar da shi a sa masa yanarsa. Na ƙarshen masu barci da ya fito, ni na buɗe masa keji, Tsoho ya bi shi da kallo ta taga har ya tsallake rufin maƙwabta.

Kafin likita ta sallame shi damina ta daɗe da tafiya. Ciyawa ta bushe, taɓon bakin kwalbati ya tsattsage, kasuwa ta watse. Hankalina bai kwanta ba. Mutum ya sha wannan fargabar duka, ya fita da sabon ido ya tarar da hanya wayam? Na ce masa ya bari sai ruwa ya sauka. Ina maganar yana rataya jaka. Sai na ɗauki mayafi.

Bayan katangar makaranta babu komai. Kwalbati babu komai. A bakin shinge Mai Lambu ya ɗago mana hannu daga can ƙarshen kunya, Tsoho ya ce masa malafarsa ta yage ta baya, shi ke nan abin da muka samu. Takarda fara fat. Ina ta satar kallon fuskarsa, shi kuwa yana tafe yana duba kowane reshe.

Mun kusa tankin ruwa, inda wani tsohon mangwaro ya zubar da ganye ya rufe ƙasa, sai ya tsaya cak ya damƙe mini hannu.

"Ga shi can."

"Ina?"

"Gindin mangwaron, dama da dutsen nan."

Na duba, na ƙara dubawa. Busassun ganye ne kawai, ruwan ƙasa, sun naɗe. Na ce a raina shi ke nan, an yi aikin banza, yanzu kuma abin da babu shi yake gani. Amma na riga na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara yi masa ƙarya ba.

"Tsoho," na ce a hankali, "ganye ne."

"To je ki ɗauko mini shi."

Na tafi jiki a sanyaye, yana yi mini kwatance daga inda yake: gaba kaɗan, hagu, wannan na kusa da ƙafarki. Na duƙa na miƙa hannu. Ganyen ya buɗe fiffike biyu ya tashi ta gefen kunnena. Na yi ihu na koma da baya na zauna daɓas. Ya yi 'yar tafiyarsa a karkace, ya sauka can gaba cikin ganye, ya sake ɓacewa.

Na tashi ina kakkaɓe zane na dawo. Tsoho yana tsaye inda na bar shi.

"Ba ki gan shi ba?"

"Ban gan shi ba."

"Daga nan fa na hango shi, Tsohuwa. Daga nan."

"Na ce ban gan shi ba."

"Sake faɗa in ji."

Na sake faɗa. Tun da nake ban taɓa jin daɗin a ƙure ni ba kamar ranar. Ya ciro alƙalami zai rubuta, hawaye suka cika masa ido, ya ɗaga hannu zai goge. Na riƙe hannun na ce likita ta hana murzawa. Na kama bakin mayafina ina ɗauke masa su a hankali, shi kuwa yana ta leƙe ta bayan kafaɗata.

"Kauce mana," ya ce, "kin tare mini. Akwai wani a bayansa."